Zanin Zumunta

Shafi na 19

Masu ƙorafin na bar ku a tsaye, na ji, kuma laifina ne. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa in rage sa ki kuka a wurin aiki, ki yi haƙuri, yau ma ki nemi inda za ki ɓuya kafin ki karanta.

*

Tun da fim ɗin ya shiga wayoyin mutane, Hajara ba ta ƙara cin abinci ya zauna mata ba.

Fim ne na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba. Khairat ce ta ɗauka, wata yarinya 'yar gidan Kanawa da ta dawo daga jami'a da kyamara da zafin zuciya, ta ce sai duniya ta ga yadda mata masu tsintar wake ke aiki a sitocin Maiduguri. A cikinsa akwai wata mata, an shafe mata fuska, an murɗe mata murya har ta koma kamar ta ƙato. Matar ta ba da labarin ranar da masu duba ma'aikata suka zo, manaja ya sa aka kora mata duka cikin siton baya, inda ake jibge buhunan da aka zuba wa maganin ƙwari, aka kulle su don kada baƙi su gan su ba safar hannu ba abin rufe hanci. Ta ce sun buga ƙofa har hannu ya gaji. Ta ce a ranar cikinta na wata huɗu ya zube.

Matar nan Hajara ce. Amma zanin da ke jikinta a fim ɗin na aminiyarta Ketura ne, zanin zumuntar matan cocinsu, kuma kowa a siton ya san mace ɗaya ce tak take da irinsa.

Jiya Juma'a manaja ya kori Ketura a gaban kowa. Korar kuwa ita ce ƙaramar masifa, domin mijin Ketura ya shekara uku da rasuwa.

Ranar Asabar ɗin Hajara na zaune a kan buhu, tire a cinya, hannu na tsince tsakuwa da ruɓaɓɓen wake, ido kuma na kan gurbin da ke gefenta inda Ketura ta shekara shida tana zama. Ba wadda ta matsa wurin.

"Ni dai na ga jini a jikinta ranar da aka buɗe mu," in ji Ya Falmata ƙasa-ƙasa, ta cikin sabon ƙyallen rufe hancin da aka raba musu da safe. "Shiru kawai na yi."

"Ga ta kullum da littafin addu'a a jaka," wata ta amsa. "Allah dai ya rufa mana asiri."

Jinin da Ya Falmata ta gani na Hajara ne. A cinyar Ketura ta kwanta a bayan buhuna cikin duhu, sauran matan na ta amai da tari, ba wadda ta san halin da wata ke ciki. Ketura ce ta lulluɓe ta, ta fitar da ita ta ƙofar baya, ta sa ta a keke sai asibiti.

Hajara ta ajiye tiren ta miƙe.

A bakin get ta tarar da mijinta. Ya'akubu shi ne mai gadin wurin, makullai duka a ƙugunsa suke, kuma shi manaja ya sa ya rufe siton baya a waccan ranar. Bai san da cikin ba. Shekara tara da aurensu, ɓari uku, kowanne sai ya gama yi wa 'yan uwa albishir sannan ya zube, har ta rantse na huɗun ba za ta faɗa masa ba sai ya yi motsi. Bai kai ga motsin ba. Da ta kwana a ɗakin Ketura, cewa aka yi masa warin magani ne ya kayar da ita, kuma ya yarda.

"Ina zuwa da rana tsaka?"

"Kaina ke ciwo, Malam."

"Gida za ki?"

"Gida."

Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, irin na wanda barci ya ƙaurace wa. Ya ja mata ƙofa.

Ba gida ta nufa ba. Keke ta tare, ta ce Bolori.

*

Ɗakin Ketura na can ƙarshen wani gidan haya mai ɗakuna a jere. Da, in Hajara ta shigo, matan gidan kan tare ta da "wushe, wushe, ƙawar Maman Phoebe." Yau kowa ta duƙufa kan wankinta. A ƙofar ɗakin akwai baƙin takalmi, an jera shi daidai, irin ajiyar tsofaffin malaman makaranta.

Mama Dorothy ce, shugabar zumuntar mata. Tana zaune a kan kujerar roba ɗaya tilo da ke ɗakin, jakarta a cinya. Ketura na ƙasa kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, idonta a bushe ƙamas.

Hajara ta gaishe su ta rakuɓe a bakin ƙofa. Tsohuwar ta amsa da mutunci, ta koma kan maganarta, don a ganinta ba wani sirri da ya rage da za a ɓoye wa baƙuwa.

"Ketura, ban zo da faɗa ba. Ni na riƙe ki ranar da aka kawo gawar mijinki Yoila. Tambaya zan miki, ki amsa min tsakaninki da Allah. Zanin nan na cikin fim naki ne?"

"Nawa ne, Mama."

"Ke ce a cikinsa?"

Ketura ta kawar da kai.

"In ba ke ba ce, wa kika ba?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Kin san ba a aron zanin zumunta. Ranar da na ɗaura miki shi a gaban ikilisiya na faɗa miki."

"Kin faɗa, Mama."

"To taimake ni in taimake ki, 'yata. Ki ba ni suna in kai wa dattawa, in ce ganganci ta yi, ta ba da aron zani. Wannan faɗa ne na yini ɗaya. Amma in kika bar ni na koma hannu sake, gwauruwa da ciki za su rubuta."

Hajara ta ɗago kai.

"Mama, ni..."

"Hajara, ɗebo wa Mama ruwa a randa," Ketura ta katse ta, ko kallonta ba ta yi ba. "Kofi na kan tagar."

Jama'a, ta tashi ta ɗebo ruwan. Zan so in ce muku ta ƙi tashi, amma tashi ta yi, kuma a ranta har da 'yar ajiyar zuciya, abin da ya sa ta tsani kanta kafin ta kai bakin randar.

Mama Dorothy ta karɓi kofin ta ajiye ba ta sha ba.

"Dattawa sun riga sun zauna. Gobe bayan wa'azi za a kira sunanki, a sa ki a horo. Bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, ba waƙa. Akwai kuma wadda ta fi wannan. Dzarma, wan mijinki, ya kira fasto daga gida. An tura masa fim ɗin. Ya ce in aka karanta sunan, zai zo ya kwashe Phoebe da Jona, 'ya'yan ƙaninsa ba za su tashi a ɗakin nan ba."

A nan ne ƙafar Ketura ta motsa a kan tabarma.

"Jona ko yaren gida bai iya ba, Mama."

"Na sani."

"Yana fitsarin kwance har yanzu. Wa zai rufa masa asiri a can?"

"Shi ya sa nake roƙonki suna."

Ketura ta miƙe. Ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta fito da zanin da ɗankwalinsa, a ninke, a goge, sai ƙamshin sabulu. Ta miƙa da hannu biyu.

"Na san za a ce in kawo, gara ki tafi da shi. Akwai inda ya ɗan yage a gefe na ɗinke, ki faɗa wa wadda za a ba ta riƙa sa wajen a ciki."

Tsohuwar ta karɓa. Ta daɗe tana kallon ɗinkin, sannan ta tura zanin cikin jaka ta tashi da ƙyar.

"Ana shiga sujada da safe. Har a fara waƙar farko ina bakin ƙofa, ko za ki canza shawara."

Ta sa takalmanta ta fita. Matan tsakar gida suka gaishe ta baki ɗaya, da ladabin da ya yi yawa.

*

Ko sautin takalminta bai gama ɓacewa ba sai ga Khairat ta faɗo ɗakin, mayafi a karkace, waya a hannu.

"Anti Ketura, na sauke fim ɗin. Wallahi tun jiya na sauke."

"Daga ina kika sauke?"

"Daga shafina, da duk inda na sa."

"Akwai mai sayar da rake a bakin layin nan. Ɗazu da na wuce yana nuna wa masu keke. Kin sauke daga wayarsa?"

Khairat ta durƙushe a kan tabarma.

"Na ɗauka atamfa ce kawai. Ban san anko ba ne na coci. Fuska na duba, murya na duba, har zoben hannunta na sa ta cire. Zani kuwa ko a raina."

Gaskiya ta faɗa. A ɗakin nan aka yi ɗaukar, wata ranar Alhamis da yamma. Khairat ta ce hijabin Hajara ruwan ƙasa kowa ya san shi, a sauya. Ketura kuwa dawowarta ke nan daga taron zumunta, ta kwance zanin sama ta yafa mata, ta ɗaura mata ɗankwalin irin ɗaurinsu. Har da tafawa. Ketura na cewa mata ɗari nawa ke da irinsa a garin nan, kuma wa zai nemi Hajara matar Malam Ya'akubu a cikin zanin zumunta? Dariya suka yi har da hawaye. Dukansu uku wadda zanin zai ɓoye suka tuna, ba wadda ta tuna da mai shi.

"Amma Anti, fim ɗin ya yi aiki," Khairat ta ce, tana share ido. "Wata lauya ta kira ni. Masu duba ma'aikata sun ce za su koma ba sanarwa. An ce ma yau an raba abin rufe hanci."

"An raba," in ji Hajara a hankali.

"Madalla," Ketura ta ce. "Su rufe hanci."

"Zan yi sabon bidiyo yanzu-yanzu, da fuskata, in ce ba ke ba ce."

"Sai su ce wace ce. Za ki faɗa?"

Khairat ta saci kallon Hajara, ta sunkuyar da kai.

"Na yi alkawari ba zan faɗi suna ba. In na karya, ba macen da za ta ƙara zama gaban kyamara ta faɗi abin da ake mata."

"To riƙe alkawarinki, yarinya. Ke ma ba mugunta kika yi ba. Tashi ki je, kada a ce an ga mai fim a ɗakina, a ƙara min wani."

Khairat ta fita tana kuka. Ɗakin ya rage su biyu.

Hajara ta matso da gwiwa, ta kama ƙafar Ketura.

"Yaya, ki yafe min."

"Sakar min ƙafa."

"Don Allah ki yi haƙuri..."

"Kada ki ce min in yi haƙuri." Muryar Ketura ba ta tashi ba, amma Hajara ba ta taɓa jin ta haka ba. "Kowa ya ce min, ban da ke. Kin san abin da Phoebe ta tambaye ni jiya? Yarinyar da na hana ko tsayawa da namiji a bakin famfo. Ta dawo daga makaranta ta ajiye jaka, ta ce, Mama, wane ne babansa?"

Hajara ta toshe baki da hijabi.

"Me kika ce mata?"

"Na ce ta je ta wanke kwanuka. Me zan ce?"

"Zan faɗa. Wallahi zan faɗa."

"Ɗazu kin samu dama, kika ɗebo ruwa."

"Ke kika hana ni."

"Na hana ki, kika hanu." Sai yanzu hawayen suka zo wa Ketura, ta bar su suna zuba ba ta share ba. "Ina jin haushinki, Hajara. Ina jin haushinki kamar in mutu. Amma sunanki ba zai fito daga bakina ba ko za a yanka ni. Ni na ji yadda mijinki ya yi kuka a ɓari na uku, a bayan asibiti, kamar ƙaramin yaro. In ya san wanda ke bayan ƙofar da ya kulle, me zai zama?"

"Zai mutu a tsaye."

"Na sani. Shi ya sa na yi shiru. Amma kada ki ƙara kawo min kukanki ɗakin nan, ba ni da wurin zuba shi. Yara sun kusa dawowa, ina so in yi musu wanki in haɗa kayansu tun da rana."

"Kayansu?"

"In Dzarma ya zo, ba zan bari su tafi da datti ba. Tashi ki je gida."

*

Bayan la'asar ta isa gida. Tun daga zaure ta ji muryar, muryar ƙaton nan da ba ta kowa ba, tana cewa, "muka buga, muka buga, ba a buɗe ba."

Ya'akubu na zaune a kan tabarma a tsakar gida, bai ko cire rigar gadi ba. Wayar na ƙasa a gabansa. Da maganar ta ƙare sai ya mayar da ita farko.

"Ka dawo da wuri."

"Na ce musu ba ni da lafiya." Bai ɗago ba. "Kin ce gida za ki."

"Na biya Bolori."

"Na sani."

Ta wuce za ta shiga ɗaki, ya ce ta zauna. Ta zauna a bakin tabarmar, nesa da shi kaɗan.

"Hajara, akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ranar nan na ji bugun."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ina tsaye a jikin ƙofar, makulli a hannuna. Manaja ya ce in na buɗe kafin baƙi su tafi, in ajiye masa rigarsa. Na ce a raina ai ɗan lokaci ne, wari ne kawai, kullum kuna shaƙarsa. Sai na ji Maman Phoebe tana kiran sunana. Ya'akubu ka buɗe, Ya'akubu akwai marar lafiya. Ta kira ta kira har muryarta ta dushe. Na matsa can wajen get don kada in ji."

"Malam..."

"Bari in gama. Ashe kanta take roƙa wa. Ashe rai ne ke fita a bayan ƙofar. Tun da na ga fim ɗin nan, in na rufe ido bugun nake ji. Na yi istigfari har bakina ya gaji. Abin da ta aikata tsakaninta da Ubangijinta ne, ban ce ta kyauta ba. Amma ko cikin shege ne, ai rai ne, kuma ni na riƙe makullin."

Kalmar ta soki Hajara har cikin mara, daidai inda ciwon ya fara a waccan ranar.

"Zan nemi gafararta," ya ci gaba. "Zan je da kaina in durƙusa. Amma ke daga yau ki ɗan ja jiki da gidanta. Mutane na magana, har a masallaci an tambaye ni ko ba ita ce ƙawar iyalina ba. Ba na so a haɗa sunanki da irin wannan."

"Da irin wanne?"

"Kin gane ai." Ya shafa fuska da hannu biyu. "Abu ɗaya nake gode wa Allah a kai. Kina cikin siton nan ke ma. Da a ce ke ce ke da ciki ranar, Hajara, wallahi ban san inda zan sa kaina ba. Alhamdulillahi da ba ke ba ce."

Ga ƙofa a buɗe, ya buɗe mata da kansa. Abin da ya rage mata shi ne ta ce amin kawai, ta tashi ta ɗora tukunya, shi ke nan. Gobe a kira sunan Ketura, jibi a sa Jona a mota yana waiwaye, ita kuma ta ci gaba da zama da mijinta lafiya. Ta so hakan. Har ga Allah ta so, don tana ƙaunar mutumin nan, kuma tausayinsa ya cika mata ƙirji.

Ta miƙa hannu ta kife wayar.

"Malam, kada ka ƙara kiran yaron nan shege."

Ya dube ta.

"Yana da uba."

"Kin san uban?"

"Na san shi."

"To ya fito mana. Wane irin namiji ne zai bar mace ita kaɗai cikin wannan tozarci? Waye?"

"Ga shi zaune a gabana."

Ya juya ya kalli bayansa, wallahi sai da ya juya. Babu kowa sai turmi da igiyar shanya.

"Ban gane ba."

"Zanin na Ketura ne. Muryar tawa ce. Ba kanta take roƙa wa ba ranar, ni ce a kwance a cinyarta."

"A'a."

"Wata huɗu. Na so ya yi motsi tukun in faɗa maka."

"A'a, Hajara. Wari ne ya kayar da ke. Haka kuka ce min."

"Haka muka ce."

Ya ɗauki wayar, ya ajiye. Ya sake ɗauka. Wayar ta suɓuce masa ta faɗi a kan tabarma. Bai yi kuka ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Gobe da safe za a kira sunanta a cocinsu a ce ta yi cikin banza," ta ce, hawaye na shiga mata baki. "Za a ƙwace mata yara. Zan je in tsaya a bakin ƙofar in faɗa wa shugabarsu gaskiya. Daga nan gari duka zai ji, manaja zai ji, aikinka da nawa sun tafi. Ban so ka ji a bakin mutane ba."

Kamar bai ji wannan ba. Idonsa na kan cikinta.

"An ga ko mene ne?"

Ta runtse ido.

"Namiji."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya sake gyaɗawa. Can wani gida ana daka, yara na wasa a layi.

"Asibiti suka yar da shi?"

"A'a. Ketura ta hana. Ta ce ɗan mutane ne, ta karɓo shi."

"Ina yake?"

"A bayan ɗakinta. Ita ta haƙa da hannunta ina kwance. Ta sayo farin ƙyalle sabo. Ba ta san yadda muke yi ba, sai ta je wurin wata tsohuwa a layinsu, ta ce ana tambaya ne, in jinjirin Musulmi ya rasu ina ake juya fuskarsa."

Ya'akubu ya dafa ƙasa. Ya miƙe, ya nufi zaure ba takalmi ba hula.

"Malam, ina za ka?"

Ya tsaya, ya dafa bango, bai juyo ba.

"Ta juya shi gabas?"

"Ta juya shi."

Sai ya fita.